Shekarar da Kawu Bai Ba Ni Goro Ba

Na Allah ne mu, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kiran abinsa. Ranar wata Talata da hantsi, ina zaune a biro, wato ofishina, a Paris, babbar 'yar Kawu ta kira ni daga Lyon. Ba ta tsaya gaisuwa ba, nan take na san ba lafiya. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Na ce mata ga ni nan tafe. Na kashe kwamfuta na nufi tashar jirgin ƙasa, ko jaka ban ɗauka ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ciki ɗaya, ita ce ma ta goye shi. Ya bar Maradi tun ban yi wayo ba, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons. Tun da ransa ya bar wasiyya a binne shi a Lyon, wai ƙasar da ta sha guminsa ta san abin da za ta yi da sauran. Haka aka yi. Bayan an sallace shi, liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Sahu ya ɗauka baki ɗaya, "Mun yahe, mun yahe." Ni ma na motsa leɓe don kada na kusa da ni ya lura, amma kalmar ba ta fito ba. Shekara goma sha biyu ina riƙe da mutumin nan a zuciya, kuma saboda haka ne na zauna rubuta wannan.

Gidansa yana hawa na uku a La Guillotière, bisa wani shagon kayan miya. Kwana uku ba a rufe ƙofar ba. Mata suna ɗakin ciki tare da matarsa, wadda muke kira Tanti. Ɗalibai 'yan Nijar sun cika matakala, kowa yana ba da labarin ranar da Tonton, kamar yadda suke ce masa, ya tarbe shi a tasha da rigar sanyi a hannu. 'Yan kasuwa sun zo daga Paris, cikinsu har da wani Alhaji Bakano mai shagon atamfa a Château Rouge, wanda na taɓa zama a hannunsa. Duk wannan na sa rai da shi. Abin da ban shirya masa ba shi ne zuwan mutanen masana'anta, washegarin jana'iza.

Su bakwai ne, yawancinsu sun yi furfura. Akwai Faransawa, da Larabawan Aljeriya biyu, da wani ƙaton tsoho ɗan Portugal wanda na gane tun daga ƙofa. Suka tuɓe takalma suka jera su a hankali, suka tsaya cikin safa ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Da Tanti ta fito, maimakon kowa ya faɗi sunansa, sai na farko ya ce, "Ni na ɗauka shekarar da aka canza darakta." Na biyu ya ce, "Ni sau biyu na ɗauka, madam." Haka suka bi layi, Tanti tana gyaɗa kai tana hawaye, don duk ta san su.

Alhaji ya taɓo ni ya ce, "Wai me suke cewa sun ɗauka ne? Kaya ne?"

Na ce, "Kusan haka, Alhaji. Bari su tafi in ba ka labari."

Ga labarin. Duk ƙarshen shekara, a irin waɗannan wurare, shef, wato shugaban sashe, yakan zauna da kowane ma'aikacinsa ya auna aikinsa a takarda. Gida biyar ne a jere a takardar, daga wanda ya zarce abin da ake so har zuwa wanda ya gaza. A rubuce, kowa aikinsa ne ke kai shi gidansa. A baki kuwa, daga sama ake cewa kowane sashe dole ya fitar da mutum ɗaya a gidan ƙasa, ko da kuwa duk mala'iku ne. Wanda ya faɗa nan ba ƙarin girma a shekarar, in ya faɗa sau biyu a jere an fara nuna masa ƙofa, in kuma mai aikin wa'adi ne ba za a tabbatar da shi ba. Shef-shef ɗin sukan yi taro su kulle ƙofa su yi ciniki, ka bar mini nawa in bar maka naka. Yawanci mai yawan gardama ne ke kwasa, ko wadda ta dawo daga hutun haihuwa, ko wanda ba ya cin abincin rana a teburin manya. Ni yanzu shef ne, na zauna irin wannan taro ba sau ɗaya ba, don haka ba ji na yi ba.

Kawu ya shekara goma sha wani abu yana shef na mutum tara, kuma ya ƙirƙiro tasa hanyar. In sanyi ya kama, sai ya baje sunayen a teburin cin abinci, da alƙalaminsa mai launi huɗu wanda ba ya ba kowa aro. Ba ya neman wanda ya gaza. Wanda zai iya ɗauka yake nema: mai aikin dindindin, wanda takardunsa suke lafiya, wanda ba ya jiran ƙarin girma, wanda kuma bai ɗauka bara ba. In ya samu, sai ya sauka ƙasa ya sayi farin goro, ya sa babbar riga ranar Lahadi, ya hau tiram, jirgin cikin gari, har gidan mutumin. A gaban matarsa zai ajiye goron ya ce, "Aikinka ba shi da aibi. An ce dole in sa mutum guda ƙasa. Roƙo na zo." In mutum ya yarda, shi ke nan, Kawu zai tsare shi baɗi da baɗin waccan. In ya ƙi, Kawu zai bar masa goron ya tafi neman wani.

Ku yi tunanin Bafaranshe da goro a hannu. Tanti ta ce wani ya gatsa ya tofar, ya ɗauka guba ce. Wani matarsa ta dasa shi a tukunyar fure. Amma sun gane abin da ake nufi, har ya zama in an ga Kawu da babbar riga a tiram ranar Lahadi, kafin safiyar Litinin duk sashe ya san wanda aka kai wa.

Ba zan ce hanyar nan ba ta da aibi ba, don ina cikin masu zaginta tun kafin ta taɓa ni. Akwai wani malalaci a sashen da ya yi shekaru yana fakewa a bayanta, alhali shi ya kamata ya tare a gidan ƙasa da tabarmarsa. Na taɓa gaya wa Kawu haka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyanshi huɗu. Mu ci abinci tukuna." Duk maganar da ba ya so, da abinci yake kashe ta. Mutum ne mai taurin kai, mai guge rigar aikinsa da kansa wai Tanti ba ta iya karin hannu ba, mai ƙorafin burodin Faransa yana yanka masa dasashi alhali kullum sai ya ci guda. Rediyonsa ba ya barin tashar Hausa. Kuma duk ɗalibin da ya haɗu da shi, a tasha ne ko a masallaci ko a bakin kogi inda yake tattaki, tambaya uku yake masa, ba ya ƙari ba ya ragi: "Ka ci? Kana da rigar sanyi? Ka kira uwarka?"

Ni ma da su ya tarbe ni ranar da na sauka Lyon karatun sinadarai. Ni ne ɗan fari a wurin yayarsa, kuma sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Mai-sunan-Baba yake ce mini a gida. Shekara biyu na yi ina kwana a falonsa, ina cin dambun Tanti, kafin na sami ɗakin ɗalibai. Da na gama karatu na nemi aiki a masana'antarsu ba tare da na gaya masa ba, aka ɗauke ni na shekara ɗaya, aka kuma jefa ni sashensa. Ranar farko ya tsayar da ni a ƙofar shiga ya ce, "Daga nan zuwa ciki ba ni da ɗa. Ka ji?" Na ce na ji. Abin ya yi mini daɗi ma, don ni ma ina da nawa girman kan.

Na yi aiki kamar zan mutu. Ba yabon kai ba ne, a rubuce yake, ni na gano inda ake asarar ruwan zafi a layi na biyu bayan an shekara ana nema. Amma kowa ya san ko ni wane ne, kamarmu ɗaya har tafiya. Shef ɗin sashen da ke maƙwabtaka da namu, wanda ya daɗe yana haƙon Kawu, ya fara yawo da magana a kantin cin abinci, wai nan da shekara biyar sai an iya Hausa za a sami aiki a Saint-Fons. Maganar ta kai sama, ta kuma dawo kunnen Kawu.

Akwai abin da Kawu bai sani ba. Takardar zamana ta ɗalibta ta ƙare, wadda nake riƙe da ita ta wucin gadi ce, kuma sai da aikin dindindin za a ba ni ta ma'aikaci. Shi ya ɗauka ina da sauran shekara guda. Bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Ina zan iya duban ƙanen uwata in ce ina bukatar alfarma, bayan ya ce a ciki ba shi da ɗa? Na ce aikina zai yi magana.

Ranar awo ya kira ni ɗan ofishinsa mai bangon gilashi, wanda duk sashe ke hangen cikinsa. Ya karanta komai da Faransanci, murya a dake, duk yabo. Sannan ya turo takardar. Na ga alamar a gidan ƙasa, da jan alƙalami. Na ɗago kai. Ya rage murya ya ce da Hausa, "Sa hannu. Bana kai ne, baɗi wani." Na sa hannu. Har yau ina tambayar kaina dalili, amsar kuma ita ce ba a yi mini tarbiyyar musu da kawu a gaban mutane ba. Bayan wata biyu matar da ke kula da ma'aikata ta kira ni ta ce tana baƙin ciki, doka ba ta yarda a tabbatar da wanda ke wannan gida ba. Da Kawu ya ji dalilin tashin hankalina ya hau sama wurin manya har sau uku. Aka nuna masa takardar, ga hannunsa ga nawa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya na je gidansa bayan azahar. Tanti ta kawo abinci, ban taɓa ba. Wannan ne karo na farko da na ɗaga masa murya, kuma shi ne na ƙarshe.

Na ce, "Kawu, kowa kana kai mashi goro. Har Nasara kana kai ma goro. Ni ban kai goro guda ba?"

Ya ce, "Ana kai ma ɗa goro? Wa ka taɓa gani ya sa babbar riga ya tahi roƙon ɗanshi?"

"To da ka tambaye ni."

"Kai mi ya hana ka hwaɗa mani zancen takardu? Wata nawa muna cin abinci tebur guda?"

"Kai ka ce ba ka da ɗa a ciki."

"A ciki na ce. Nan ciki ne?"

Ya jawo kwanon abincin gabansa. Ya ce mu ci abinci tukuna. Na tashi na sa takalmina, Tanti tana kirana a matakala ban waiwaya ba.

Paris na tafi, wurin Alhaji. Ya ba ni ɗaki a bisa shagon, ina jera masa atamfa ina rubuta masa wasiƙun Faransanci, ina kuma neman aiki. Takardar da aka ba ni a lokacin irin wadda za ka zauna da ita ce, amma in ka fita ƙasar babu tabbacin dawowa. Ana cikin haka, da damina, mahaifiyata ta kwanta. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Kullum muna waya, tana cewa kada in kuskura in taho in ɓata wahalar da na sha. Na bi maganarta. Kawu ne ya hau jirgi ya je ya binne yayarsa, ni ina tsaye a Château Rouge ina auna wa wata mata yadi shida. Bayan wata uku na sami aikin da nake har yau, takardu suka daidaita, amma ba wanda zan je in nuna wa.

Wanda bai san mu ba zai ɗauka gaba muka yi. Ko kusa. Duk Salla ina kira. Ina kwana Kawu, ina gajiya, ya sanyi, ya Tanti, ya yara, ya ciwon ƙafar. Shi ma ya amsa ya mayar, har mu kai ƙarshe ba mu ce komai ba. Na je aurar da 'ya'yansa biyu, ya zo sunan ɗana. Mutanenmu sun iya wannan, mutum ya gaishe ka cikakkiyar gaisuwa shekara goma kuma ba ka taɓa samun sa a ciki ba. Abu ɗaya ne ya canza a bakinsa. In za mu ajiye waya yakan ce, "Ka ci? Kana da rigar sanyi?" Sai ya yi shiru daidai wurin ta ukun, ina jin numfashinsa, sannan ya ce sai an jima. Na san abin yana cin sa, kuma na bar shi ya ci shi.

Akwai wanda ya fi wannan muni, tunda na ɗauki alƙalami sai in faɗa. Shekara ɗaya bayan tafiyata na ji an sauke shi daga shef, an mayar da shi bakin injin kamar sabon shiga, yana da shekara hamsin da bakwai. Ban tambayi dalili ba. Na ce a raina abokin hamayyarsa ya yi nasara, na kuma ji wani sanyi da bai kamata Musulmi ya ji ba.

To, mu koma ranar ta'aziyya. Da mutanen masana'anta suka tashi tafiya, na raka su. Ɗan Portugal ɗin nan ya tsaya a tsakiyar matakala yana haki, ya bar sauran suka sauka. Ya ce ya gane ni. Ya ciro wani ɗan ƙyalle daga aljihu ya warware. Goro ne, ya bushe ya yi baƙi ya ƙanƙance kamar tsakuwa.

Ya ce, "Shekarar nan taka, tawa ce. Ni ya kawo wa wannan. Matata tana asibiti, raina a ɓace, na ce masa a'a, ya je ya nemi wani. Ya je wurin mutum biyu, su ma suka ƙi. Ban san kai zai sa ba."

Na ce masa abin ya riga ya wuce.

Ya ce, "Ka san kai ne na ƙarshe? Shekarar da ta biyo ya kai takarda gidan ƙasa ba kowa. Darakta ya kira shi ya ce ya zaɓi mutum. Ya ce in dole ne a rubuta sunansa. Suka rubuta kuwa." Ya ɗan yi dariyar da ba ta da daɗi. "Kada ka ɗauka mun gode masa. Wanda ya gaje shi ba ya kai wa kowa goro. Biyu daga cikinmu sun rasa aiki. Mun daɗe muna jin haushinsa, kai ma muna jin naka."

Ya kama hannuna ya danƙa mini ƙyallen, ya ce ya gaji da ganin sa a aljihun tebur. Ya sauka yana dafa bango.

Na zauna a matakalar nan har aka kira la'asar. Haushi ne ya fara zuwa, ba tausayi ba. Haushin tsohon da ya ƙi, da na Kawu da ya ɓoye, da nawa da ban tambaya ba. Da mutane suka ragu na sami Tanti a kicin tana wanke kofuna, na ce mata me ya sa ba wanda ya gaya mini.

Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce in ka ji, kamar yana sayen yahiyarka ne. Ya hi son ka kawo ta da kanka."

"Shekara goma sha biyu, Tanti."

"Ni ka ke gaya ma? Duk ka yi waya, in ya aje sai in ce, ya ce wani abu? Ya ce, ya gaishe ki." Ta miƙo mini kofi in goge. "Kai da shi ba wanda za ya ga laihin wani. Jini guda, kai guda."

Sai da na zauna a jirgin komawa Paris maganarta ta same ni sosai. Lokacin awo ne a wurinmu ma. Mutum bakwai ne a ƙarƙashina, a ɗakin gwaje-gwaje, kuma mu ma an ce a fitar da ɗaya. Cikinsu akwai wata 'yar garin Tawa da ke Nijar, ƙwararriya, shekara biyu da zuwanta. A biro shef take ce mini, a waje Yaya. Tun da aka ɗauke ta ake raɗa cewa ni na jawo 'yar ƙasarmu, har wani ya faɗa a taro cikin raha, kowa ya yi dariya ni ma na yi. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin kiran 'yar Kawu, na riga na sa mata alama a gidan ƙasa, ban dai aika ba. Na ce a raina tana da aikin dindindin, shekara ɗaya ba za ta kashe ta ba, zai rufe bakin mutane, kuma ita tamu ce, za ta gane. Wallahi ko sau ɗaya Kawu bai faɗo mini a rai ba lokacin da nake yi. Shekara goma sha biyu ina ƙullace da mutum, ashe in aka ba ni alƙalaminsa a gida ɗaya zan sa alamar.

Da na sauka ban wuce gida ba. Na shiga metro zuwa Château Rouge, na sayi farin goro wurin wata mata da ta san ni tun zamanin atamfa. Ta tambaya ko biki gare ni, na ce roƙo za ni. Babbar riga ce dai ban sa ba, ban kai Kawu ƙarfin hali ba. Washegari bayan an tashi aiki na ce wa 'yar Tawa ta tsaya. Ta yi mini ta'aziyya, na amsa. Na ajiye goron a tebur, ta dube shi ta dube ni.

Na ce, "Aikinki ba shi da aibi. An ce dole in sa mutum guda ƙasa. Na yi niyyar sa ki ban gaya maki ba. Yanzu tambayarki nake. Kina iya ɗauka?"

Ta ture goron gefe kaɗan. Sannan ta ce, "A'a, Yaya. Ban iyawa. Na aje takardun neman zama ɗiyar ƙasa, kuma ina jiran a matsa da ni gaba in samu kawo maigidana. In anka sa ni ƙasa bana, komi ya tsaya. Kuma ka san aikina ya hi na wasu."

"Na sani. Mi ya hana ki hwaɗa mani zancen maigidan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kunya. Kuma ba ka tambaya ba."

Na ce ta tafi da goron, nata ne ko ta yarda ko ta ƙi, haka ake yi. Ta ɗauka tana mamaki ta fita. Na goge alamar. Na zauna ni kaɗai a biro, na ciro wancan busasshen daga aljihu na ajiye a gabana, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ranar Juma'a ake karɓar takardun, kuma har yanzu da nake rubutun nan gidan ƙasa ba kowa. Ban san abin da zan gaya wa darakta ba. Ina da mata da yara, na kuma ji daga bakin ɗan Portugal abin da ƙin Kawu ya jawo wa mutanensa, don haka ba zan cika baki in ce zan yi yadda ya yi ba. Abin da na sani shi ne duk wanda zan rubuta, zai ji daga bakina tun kafin alƙalami ya taɓa takarda, ko ɗan wa ne.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ciwon ƙafar nan da wahalar bakin injin su zama kaffara, ya yi masa awo da rahama ba da adalci kaɗai ba. Allah ya haɗa shi da yayarsa a inuwa ɗaya, ya ba Tanti da yara haƙuri. Liman ya tambaya ranar nan ban amsa ba, ga amsata a rubuce, kowa ya shaida. Kawu, na ci, ina da rigar sanyi, na kuma yafe maka duniya da lahira. Saura tawa yafiyar, wadda na bari har ba ka nan da zan roƙa.